Sakata a Ƙofar Bakwaini

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a nesa, na dawo da wani tunani game da abin da ake kira taimakon iyali. A ganina taimako yana da ofis, da kujeru a jere, da mai murmushi a bayan tebur. Saboda haka da wata nas a sashen jarirai bakwaini ta ce min in ina son ganin wadda ta fi kowa amfani ga iyayen da aka sallama, in nemi matar da ke korar mutane daga ƙofa, sai na ɗauka zolaya ce. Ban ga yadda kora za ta zama taimako ba. Na je dai na same ta, kuma ga labarinta kamar yadda ita da na kusa da ita suka ba ni.

Sakata ake ce mata. Tana da shago a bakin kasuwa inda take sayar da kayan roba: bokiti, baho, buta, kwando, kofi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta ɗaga murya, kuma idan ta zauna a wuri sai ka ɗauka da ita aka gina wurin. Mijinta mai aski ne, shagonsa yana kallon nata daga tsallaken titi. Shi ya laƙaba mata sunan don ya ba ta haushi, sai sunan ya bi ta har ya shafe na ainihi. Yakan gaya wa masu zuwa aski cewa shi mace ya aura, da tafiya ta yi tafiya ya tarar ƙofa ce.

Da can ba haka take ba. Irin matan nan ce da maƙwabciya za ta ari baho ta dawo da shi a tsage, ita kuma ta yi mata godiya. Kalmar a'a tana da ita a ciki, amma ba ta taɓa samun hanyar fitowa ba.

'Yarta ta ƙarshe, wadda har yau Auta ake kiranta, ta zo duniya kafin lokacinta. Tsawonta bai wuce takalmin babanta ba. Aka sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi, Sakata kuma ta koma zaman benci a barandar asibiti tare da sauran uwaye, kowace tana jiran a kira ta ta tatsi nono. Ranar sallama nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. A ajiye yarinya cikin ɗumi, duk mai taɓa ta ya wanke hannu, ban da cinkoso, ban da mai mura ko tari, ko wane ne shi. Sakata ta gyaɗa kai ga kowace magana.

Da ta isa gida ta tarar ɗaki ya cika har bakin ƙofa. A tsakiya akwai Yaya, yayar mijinta, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta bari an manta da hakan ba. Yaya ta karɓe jaririyar kafin Sakata ta cire takalmi. Tana fama da mura, tana share hanci da gefen mayafi, tana gaya wa mutane cewa ita ta raini yara ba tare da wani wanke-wanken hannu ba, kuma ga su nan duk sun yi gemu. Yarinya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu kamar kofi ɗaya a taron masu ƙishirwa. Sakata na tsaye, bayanin nas duk yana bakinta. Abin da ya fito shi ne, "Sannunku da zuwa."

Ba a jima ba ƙirjin Auta ya fara busa kamar sarewa. Aka koma asibiti, aka sa mata roba a hanci. Allah ya sa tana da sauran kwana. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa daga wurin wane ta kamu, kuma Sakata ba ta zargi kowa ba. Ita dai ta san abin da ba ta faɗa ba.

A wannan zaman benci na biyu ne ta haɗu da wata yarinya, matar wani direba, tana kuka ranar da aka ce an sallame su. Sakata ta tambaye ta ko wani abu ya samu yaron. Ta ce yaro lafiya lau, dangin mijinta ne suka cika mota suna hanya. Sakata ta ji bakinta ya ce za ta zo. Da aka sallami Auta ta bar ta wurin ƙanwarta, ta ɗauki 'yar kujera, ta zaro buta da sabulu daga shago, ta je ta zauna a ƙofar ɗakin mutanen da ba ta ma san sunansu ba.

Wata dattijuwa ta zo tana jan hanci. Sakata ta ce, "Ba a shiga."

Ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ta fito, sumul kamar an shafa mata mai. Dattijuwar ta tambaye ta ita wace ce a gidan. Ta ce ita ba kowa ba ce. A nan ta gane inda ƙarfin yake. Ba a aurenta a gidan, ba za a haɗu da ita a taron dangi ba, ba wanda zai riƙe ta a zuci shekara da shekaru. Mai jego tana ciki tana iya cewa, wallahi ni ma tsoronta nake ji. Duk baƙin jinin ya taru a kan mace ɗaya, ita kuma da yamma ta kakkaɓe zani ta koma gida da shi.

Labari ya bazu daga benci zuwa benci. Idan nas ta ga uwa ta yi jugum ranar sallama, sai ta ce mata ta bi ta shagon roba. Sakata takan bar wa ƙanwarta shago ta tafi, Mai aski kuma ya leƙo daga tsallake ya ce a gaida mutanen da za a ɓata wa rai.

A hankali aikin ya samu tsari. Ta lura cewa wanda aka kora yana tafiya da fushinsa da kuma hannayensa biyu, alhali ya riga ya ɓata yininsa. Sai ta daina korar mutane haka kawai. Mai mura ta samu bahon wanki a can nesa. Mai atishawa ta samu tsintsiya. Wadda ta zo da surutu aka haɗa ta da manyan yaran gidan ta kai su makaranta. Wani tsoho mai tari aka ba shi aikin zama da uban jariri a inuwa, ya hana shi shiga ɗaki kowane lokaci don duba ko yaro yana numfashi. Masu lafiya kuma su shiga ɗai-ɗai, su wanke hannu har gwiwar hannu, su gani da ido, ban da sumbata. Gidajen da ta zauna musu ba su taɓa samun tsabta irin ta lokacin ba, kuma mafi yawan masu aikin suna yi ne suna zaginta.

Dabarun mutane kuwa ta san su kamar yunwar cikinta. Akwai mai cusa alewa a kumatu, akwai mai cewa ƙura ce, akwai mai cewa daga bakin ƙofa kawai za ta leƙa. Maganinsu duka ɗaya ne. Sakata ba ta tambayar mutum ko yana tari. Gaisawa take yi da shi. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya, da hanya, da maƙwabta, da ciwon ƙafar da ya yi bara. Takan ce tari ba ya jure doguwar gaisuwa. Mai ɓoye shi zai iya wuce maigida, zai iya wuce yara, amma kafin a kai ga maƙwabta ya tona kansa.

Haka shekaru suka tafi. Auta ta girma ta fi uwarta tsawo, ta yi aure, ta samu ciki. Shi ma jaririn ya yi gaggawa irin ta uwarsa. Sakata ta koma tsohon bencinta, wannan karon a matsayin kaka, tana hango jikanta ta gilashi, ɗan mitsitsi da hular da ta fi kansa girma. Ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya, domin a sashen uwa da uba kaɗai ake bari. Ta yi haƙuri, ta ce a gida za ta rama. Ta zaɓi buta mafi kyau a shago ta ajiye gefe.

Ana gab da sallama ruwan sama ya yi mata duka a hanyar dawowa. Washegari ta tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro. Ta ce wa mijinta ba komai ba ne. Shi kuma yana wasa almakashi ya ce lallai, wanzami ba ya son jarfa. Ya ƙara da cewa ko da ba tari, a wannan ƙofar ita ba baƙuwa ba ce, kaka ce, kuma a iya saninsa kakanni su ne abincinta. Ta ce ya ji da kawunan mutane.

Auta da mijinta suna haya ne a hawa na biyu na wani bene, ɗaki biyu da baranda, da taga mai raga tana kallon barandar. Sakata ta sha ruwan zafi, ta cusa alewa a kumatu, ta hau matakala a hankali don kada numfashi ya tsananta. A ƙofa ta tarar da mace a zaune kan 'yar kujera, da buta da sabulu a gefenta. Matar Direba ce. Ta yi jiki, yaron da aka yi wa zaman ƙofa yanzu shi ke tuƙa motar ubansa. Auta ce ta kira ta tun daga asibiti, ba tare da ta gaya wa uwarta ba.

Matar Direba ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi. Ta tambayi Mai aski. Ta tambayi ƙanwarta. Ta tambayi shago. Sakata ta san abin da ake yi mata, tana amsawa a gajarce, lafiya, lafiya. Matar Direba ba ta yi sauri ba. Ta tambayi bokitai, ta tambayi bahuna, ta tambayi rufin shagon da ke yoyo ko an gyara. A kan rufin ne tarin ya ɓalle, har alewar ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kujera. Su biyun suka bi ta da kallo.

"Gwaggo, ga baho can," in ji Matar Direba.

Sakata ta ce ƙura ce. Ta ce daga bakin ƙofa kawai za ta leƙa. Ta zaro takunkumin rufe hanci da baki daga jaka, aka ce mata nas ta ce wannan yaron, mai tari ya jira, da takunkumi ko babu. A ƙarshe ta ji kanta tana faɗin abin da ta ji daga bakin mata ba adadi.

"Ni fa na haifi uwarsa."

"Ke kika koya min cewa duk wadda ta faɗi haka, ita za a fi sa wa ido."

Ta ɗauki baho ta koma ƙarshen baranda. Maƙwabta sun ce ba su taɓa ganin an wanke ƙyallen jariri da irin wannan ƙarfi ba. Kullum da safe ta zo, ta gaisa, ta yi tari, ta wuce wurin aikinta ba tare da an nuna mata ba. Jikanta kuwa sai dai ta hango shi ta raga daga nesa, ɗan ƙunshin zane a hannun uwarsa.

A ciki abin bai yi wa Auta sauƙi ba. Yaron yana tsotso kaɗan ya gaji. A asibiti akwai na'urori masu ƙara da ke gaya maka komai lafiya, a gida kuwa shiru ne, kuma shirun ya hana ta runtsawa. Ba ta yarda ta ajiye shi, ba ta yarda kowa ya karɓa. Idanunta suka faɗa.

Wata rana da hantsi maganin ɗigawar yaron ya ƙare, mijin Auta yana wurin aiki, Matar Direba ta sauka ta je kantin magani. Ƙofa ta zama ba kowa. Sakata na shanya kaya ta ji muryar 'yarta ta taga, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ba ta ji ba tun yarinyar tana ƙarama.

"Mama, ki shigo. Ba kowa. Ki riƙe min shi ko na ɗan lokaci ne, hannuna ya mutu. Tsoro nake ji."

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Hannunta na kan mariƙin, jiƙe da ruwan sabulu, ta tuna cewa ai ma a wanke yake. Ƙofar ba a kulle take ba. Sai maƙogwaronta ya yi wannan ɗan ƙaiƙayin, kaɗan, kamar mai neman izini. Ta tsaya. Ta saki mariƙin, ta jawo kujerar Matar Direba nesa da tagar, ta zauna.

Daga nan ta gaya wa Auta ta jingina da bango, ta sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, ta kwantar da yaron a ƙirjinta fata da fata, yadda za ta ji numfashinsa ba sai ta duba ba. Auta ta yi, tana kuka. Sannan ta ce, "Kin zauna wa 'ya'yan kowa. Nawa ne kawai ba ki da lokacinsa." Sakata ta ce min a cikin duk zagin da ta sha a ƙofofin mutane, wannan kaɗai ya samu wurin zama.

Tana nan zaune ta ji ƙarar sanda a matakala, ƙwas, ƙwas, da wani jan hanci da ta sani tun tana amarya. Yaya ce. Ta tsufa, ta rankwafa, amma muryarta ba ta rage komai ba. A duk shekarun nan Sakata ta mayar da manya da ƙanana daga ƙofofi, amma ba ta taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko a kan gishiri.

Yaya ta huta a kan sandarta ta ce ta matsa. Sakata ta ji sannu da zuwa ta taho bakinta, ta haɗiye ta.

"Yaya, ba a shiga."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. Ta tambaye ta ko ta manta wa ya raini mijinta, wa ya yi masa wanka, wa ya saya masa almakashinsa na farko. Ta ce korar da take yi a gidajen mutane ta ji labari, amma nan gidan jininta ne.

"Na sani, Yaya. Ni ma ban shiga ba."

"Ba ki shiga ba yau?"

"Ban taɓa shiga ba. Ban san nauyinsa ba."

Yaya ta dubi tagar, ta dubi igiyar shanya, ta dubi hannayen Sakata da ruwa ya jeme. Sai ta ce yaran zamani raki ya yi musu yawa, kuma ita ba za ta sake sauka wannan matakala yanzu ba ko za a yanka ta. Ta kifa bokiti ta zauna. Ta jawo ƙyalle ɗaya daga igiya ta shinshina, ta ce ba a ɗauraye shi da kyau ba.

Can sai ga wata maƙwabciya ta hawo da fara'a, tana cewa ta zo ganin baƙo. Kafin Sakata ta fara gaisuwarta, Yaya ta miƙe sanda ta tare hanya. Ta ce su da suka haifi gidan suna waje, ita wace ce. Daga cikin ɗaki aka ji Auta ta yi dariya, ta farko tun da aka sallame su. Da Matar Direba ta dawo da magani ta tarar da tsofaffi biyu a ƙofa, maƙwabciya tana shara, Auta ta shimfiɗe yaro a gadonsa tana barci.

Murar Yaya ta riga tarin Sakata warkewa, saboda haka Yaya ta riga ta shiga, kuma wannan ma ba ta bari an manta ba. Da ranar Sakata ta zo, Matar Direba ba ta rage mata komai a gaisuwar ba. Ta bi da ita ta Mai aski, da shago, da rufi, har da maƙwabta. Sakata ta amsa duka, ta tsaya tana jira ko akwai saura. Aka zuba mata ruwa ta wanke har gwiwar hannu. Auta ta miƙa mata yaron, ta jingina kanta a kafaɗar uwarta. Sakata ta daɗe tana kallonsa. Abin da ta ce kawai shi ne kunnuwan Mai aski ne, Allah ya ba shi haƙuri.

Ranar da na je shagonta, yaron yana rarrafe tsakanin bokitai yana kifar da su. An riga an aiko daga wani gida, 'yar kujerarta na jingine a bakin ƙofa. Na tambaye ta, da a ce ita ce a kan kujerar a waccan safiyar ta gidan Auta, kuma ita ce ta hawo matakala, ko da za ta ɗan sassauta wa kanta, tun da ta san zuciyarta.

Ta ɗaga yaron daga cikin baho ta ajiye shi gefe.

"Tsohuwa mai taurin kai, da alewa a kumatu?" ta ce. "Ai Matar Direba ta yi min alfarma da ta bari na hau benen. Da ni ce, tun daga ƙasa zan miƙa mata tsintsiya."